Inda Zarto Ya Karkace

Nasif Gattas direban jirgin ƙasa ne a garin Riyak, ko kuwa a ce a da can direba ne. Shi ke jan jirgin da ke tasowa daga Bairut, ya hau duwatsu yana nishi, ya gangaro kwarin da garinsu yake, har lokacin da yaƙi ya tsayar da jirage a Labanan. Aka ce kowa ya koma gida sai ƙura ta lafa. Ƙura ta lafa, amma ba a sake kiran kowa ba. Ciyawa ta rufe dogo, ɓarayin ƙarfe suka kwashi rabonsu, wani ɓaure ya tsiro ta tagar tarago a cikin tasha, ya girma har yana 'ya'ya.

Amininsa Fadlu kafinta ne a ma'aikatar gyaran taragu, shi ma aikin nasa ya tafi tare da jirgin. Nasif Kirista ne, Fadlu Musulmi, amma tun suna yara lungunsu ɗaya, kuma tsokanar da ke tsakaninsu ta fi ta taubasai. Kowace safiya Fadlu zai shigo gidan Nasif ba sallama, ya ja kujera, ya yagi burodi ya dangwali man zaitun, ya ce gahawar gidan ba ta da ƙarfi, ya kuma shanye ta tas.

Abin ya faro ne daga wani kwali da Rima, 'yar Nasif ɗaya tilo, ta aiko daga Jamus inda take aure. A ciki akwai ɗan kan jirgi baƙi wanda bai fi tsawon tafin hannu ba, da taragu, da siririn dogo da ake haɗawa ya zama da'ira. Ran Nasif ya ɓaci.

"Zahiya, zo ki ga abin da 'yarki ta maida ni," ya ce wa matarsa. "Ta aiko min da kayan wasan yara."

Fadlu ya jawo kwalin gabansa. Ya ture kofuna, ya harhaɗa dogon a kan tebur, ya sa wayar a lantarki. Ɗan jirgin ya motsa, ya fara zagaye, 'yan ƙafafunsa suna ta kai da komo. Tsofaffin nan biyu suka zura masa ido har gahawa ta huce.

Can Fadlu ya ce, "Ƙasar nan ta cika shimfiɗewa. Ina dutsen?"

"Wane dutse?"

"Wanda kake cika mana baki kana hawa. Ko dama ƙarya kake yi?"

Kafin mako ya zagayo sun kwashe tulunan zaitun da kwalaben tumatir na Zahiya daga ɗakin ƙasa, sun jibge mata su a ƙarƙashin matakala. Ta yi faɗa har ta gaji. Fadlu ya kafa ƙafafu, ya shimfiɗa katako daga wannan bango zuwa wancan. Suka lanƙwasa ragar kaji ta zama duwatsu, suka lulluɓe ta da tsoffin jaridu da aka jiƙa da farar ƙasa. Busassun karan za'atar, ganyen ƙamshin da ake ci da burodi, da aka tsoma a koren fenti suka zama itatuwa. Tsakuwar da ke ƙarƙashin dogon kuwa Nasif ne ya je tsohuwar tasha ya ɗebo ta ainihi, ya daka a turmin Zahiya, turmin ya tsage, aka sake wani faɗan.

Haka shekaru suka yi ta shuɗewa. Rima tana aiko da dogo da taragu duk lokacin da wani zai zo gida. Suka gina tashar Bairut da bakin tekunta na gilashi, suka gina Sofar, garin da ke kan dutse, da jajayen rufin gidajenta, da ramin da jirgi ke shiga a ƙwanƙolin dutse, da tashar Riyak har da tankin ruwanta. Nasif ne ya san kowace kwana da kowane gangare, don a ƙafarsa da bayansa ya san su. Fadlu kuwa hannunsa ke fitar da abin da Nasif ya faɗa. Gadar duwatsu da ke kan kwazazzabo ita ce abin alfaharinsa. Damina guda ya yi yana zana kowane dutse a jikin katako da bakin wuƙa.

"Idanun gadar nan sun yi faɗi," in ji Nasif.

"Kai da kake wucewa ta samanta, yaushe ka ga idanunta? Ni na yi wanka a ƙarƙashinta."

"Wanka? Kai? Ai da labari ya zo mana."

Tun a farkon aikin Fadlu ya ce a yi abin gida-gida, yadda za a iya raba shi a sake haɗawa. Nasif ya ƙi. Ya ce dogon kirki ba ya son gaɓa, kuma ina za su kai shi? Fadlu ya ɗaga kafaɗa ya bi shi a haka.

Labari ya fita gari. Wata rana Malama Widad, shugabar makarantar garin, ta sauko ɗakin tana sunkuyar da kai don ƙofar gajeriya ce. Ta daɗe tana kallo, hannunta a baki. Sannan ta ce, "Kawu Nasif, Kawu Fadlu, yaran da nake koyarwa ba wanda ya taɓa ganin jirgin ƙasa yana tafiya. Wasu ma sun ɗauka tashar nan dama can kango ce. Ku kawo shi zauren makaranta lokacin hutun bazara, sa'ad da 'yan ƙasar waje suka dawo gida. Kowa ya gani."

Suka amsa da murna. Sai bayan ta tafi suka juya suka dubi ƙofar, suka dubi dutsen da suka gina, wanda ya kusa taɓa rufi.

"Sai an yanka," Fadlu ya ce. "Gida shida ko bakwai. Na san inda zan bi."

"Ba mai sa wa dogona zarto."

"To ka fasa bango, gidan ya rufta a kan Zahiya."

"A nemi wata dabara."

"Babu wata dabara, Nasif. Na gaya maka tun ran farko, taurin kai ya hana ka ji."

Da maganar ta tsaya a nan, da ta wuce kamar sauran. Amma Nasif ya ji zafin gaskiyar, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Kai me ka sani game da dogo? Ka taɓa jan jirgi? Iyakarka buga ƙusa a kujerar da mutane za su ɗora gindinsu. Mu muka yi aikin jirgi, ku kuwa 'yan rakiya ne."

Fadlu ya dube shi, bai yi dariya ba, bai kuma rama ba. Ya karkaɗe garin katako daga rigarsa, ya ɗauki hularsa, ya hau matakala a hankali. Ko akwatin kayan aikinsa bai ɗauka ba.

Washegari bai zo ba. Jibi ma haka. Zahiya ta ci gaba da ajiye kofi biyu, tana maida ɗaya a bushe.

"Ka je ka ba shi haƙuri," ta ce. "Gidansa ba a bayan teku yake ba."

"Zai dawo. Kayan aikinsa suna nan."

"Nasif, shekarunku sun wuce na yin gaba."

Ya ce zai je ranar Lahadi bayan coci. Lahadi ta zo ya ce sai Juma'a, in an sauko daga masallaci zai tare shi a hanya kamar ba da gangan ba. Kafin Juma'ar ta zo, maƙwabciyarsu ta shigo da hantsi tana haki. Ta ce Fadlu ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana alwala, an wuce da shi asibiti a Zahla.

Nasif ya tarar da Hajiya Sakna, matar Fadlu, a bakin ɗaki, idanunta sun kumbura. Ta ce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe kuma ya karye. Ta buɗe masa ƙofa. Fadlu yana kwance, bakinsa ya karkace, ya ƙanƙance a cikin farin mayafi kamar ba shi ne mai ɗaga gungumen katako shi kaɗai ba. Idanunsa kaɗai ke nan yadda suke.

Duk maganar da Nasif ya shirya a mota ta gudu. Ya tsaya yana murza hularsa. Abin da ya iya fitowa daga bakinsa shi ne, "Na yarda. Za a yanka. Gaya min inda zan sa zarton."

Fadlu ya buɗe baki, wani sauti ya fito da ba kalma ba. Ya ɗaga hannun hagu yana zana wani abu a iska, ya gangara, ya karkata, ya sake gangarawa. Nasif ya bi hannun da ido iya ƙoƙarinsa, bai gane komai ba. Fadlu ya sake yi, ya sake, har hannun ya gaji ya faɗi a kan gado. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shige kunne. Nasif ya goge masa da bakin hannun rigarsa, ya fita da sauri.

Ya so ya aika wa Malama Widad cewa an fasa. Hajiya Sakna ce ta hana.

"Abu Rima, kada ka yi haka," ta ce masa bayan an sallamo su daga asibiti, tana kiransa da sunan 'yarsa kamar yadda aka saba a garin. "Duk kwanakin da ya yi bai zo gidanka ba, maganar ranar nunin nan yake yi min. Har sabuwar riga ya sa aka ɗinka masa."

Nasif ya sauka ɗakin ƙasa, ya buɗe akwatin Fadlu, ya ɗauko zarton. Mariƙinsa ya yi santsi, ya lotsa daidai yatsun mai shi. Zahiya ta danne katakon da hannu biyu, shi kuma ya fara. Bai taɓa zama gwanin zarto ba, ga ido ya yi rauni. Yankan farko da na biyu suka tafi ba laifi. Farar ƙasa tana zuba, itatuwa suna karyewa, yana ji kamar naman jikinsa yake yanka. Da ya zo gindin gadar Fadlu, sai zarton ya ci karo da wata ƙusa a ɓoye, ya goce, ya bi karkace. Ya yi ƙoƙarin dawo da shi, abin ya ƙara lalacewa. Da ya gama, bakin yankan ya yi kamar kare ya gatsa.

Ya zauna a ƙasa, zarton a cinyarsa. Zahiya ta saki katakon. Ta hau sama ta kawo masa ruwa.

Maƙwabta suka taru suka fitar da gidajen ɗaya bayan ɗaya, aka ɗora a motar wani mai dankali, aka tafi a hankali, mutane suna leƙowa ta taga suna kallon Bairut da duwatsunta suna wucewa ta lungu. A zauren makaranta Nasif ya yi kwanaki yana haɗawa, yana liƙe tsaga, yana maida itatuwa. Ko'ina ya zauna daidai sai gindin gada. A nan ɓangare ɗaya ya ɗan sunkuya ƙasa da ɗan'uwansa, bai fi kaurin farce ba. Ya cusa takarda, ya cusa guntun katako, jirgi ya wuce sau biyu ya faɗi a na uku. Ya bar shi a haka don lokaci ya ƙure.

Ranar nunin zauren ya cika har waje. Ga 'yan makaranta, ga waɗanda suka dawo hutu daga Kanada da Abijan da 'ya'yansu masu gwarancin Larabci, ga tsofaffin ma'aikatan jirgi da suka zo da sandunansu, wasu har da tsohuwar hular aiki. Nasif ya sa baƙar kwat ɗinsa duk da zafi. Ya murza makunni. Ɗan jirgin ya tashi daga Bairut da taragunsa, ya fara hawan dutse, zauren ya yi tsit kamar an shiga salla.

Sai surutu ya ɓarke. Wata tsohuwa ta kama hannun jikarta tana nuna Sofar. "Ga inda nake tsayawa da kwandon tuffa. Nan, nan, gindin fitilar nan. A nan kakanki ya fara ganina." Wani tsoho ya rantse tankin ruwan ba a wannan gefen yake ba, wani ya ce masa ya yi shiru, shi da ko a lokacin ma a buge yake zuwa aiki. Wani mutum mai furfura, wanda ba wanda ya san shi, ya tsaya a gaban tashar Riyak yana kuka a fili, bai damu da masu kallonsa ba. Wata yarinya ta tambayi uwarta ina babban yake, na gasken, uwar ta ce ta yi shiru ta kalla.

Jirgin ya fito daga rami, ya gangaro, ya iso gindin gada, ya tuntsure. Mutane suka yi "Ayya!" sannan aka yi dariya. Nasif ya ɗaga shi ya maida. Zagaye na biyu ya sake faɗuwa. Wani ya ce, "Abu Rima, ashe Allah ne ya tsare mu a hannunka shekarun nan!" Aka sake fashewa da dariya, ba da mugunta ba. Nasif ya yi yaƙe, gumi yana bin wuyansa, yana ta faman daidaita ƙafafun jirgin a kan dogo.

Yana sunkuye ya ji zauren ya sauya. Mutane suna darewa. Hajiya Sakna ce ke turo Fadlu a keken guragu, sanye da sabuwar rigarsa mai ruwan toka, an taje masa gashin baki. Tsofaffin abokan aiki suna taɓa kafaɗarsa suna gaishe shi, shi kuwa idonsa yana kan aikin. Ta bi da shi a hankali daga teku har dutse. A kowane yanka sai ya tsura ido, ya wuce. Da suka zo gindin gada ya buga hannun keken, ta tsaya.

Ya daɗe yana duban wurin. Nasif ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Fadlu ya yi wa matarsa alama ta matsa da shi. Ya zura hannun hagu a ƙarƙashin katakon, ya lalubi wani wuri can ciki, ya tura sama da tafinsa. Ɓangaren da ya sunkuya ya ɗago, bakin dogo ya sadu da bakin dogo. Ya dubi Nasif, ya nuna makunni da haɓa.

Jirgin ya zagayo, ya fito daga rami, ya gangaro. Ya taka wurin kamar ba a taɓa yanka shi ba, ya hau gada ya haye. Zauren ya ɗauki tafi, mata suka rangaɗa guɗa.

Nasif ya rugo da guntun katako zai cusa a inda hannun yake, don mutumin ya huta. Fadlu ya ture shi da gwiwar hannu. Ya sake kawowa, Fadlu ya sake turewa. Hajiya Sakna ta ce, "Ƙyale shi, Abu Rima. Ka san halinsa."

Haka aka yi yinin nan. In jirgi ya shiga rami, Fadlu ya tura hannu. In ya haye gada, ya sauke ya huta. Goshinsa ya jiƙe, amma bai bari jirgin ya faɗi ko sau ɗaya ba. Da la'asar, da mutane suka ragu, Nasif ya jawo kujera ya zauna kusa da shi. Ya ce, "Fadlu, maganar da na faɗa maka ran nan..."

Fadlu ya girgiza kai. Ya nuna karkataccen yankan da yatsa, ya tattara duk ƙarfinsa, leɓɓansa suna kokawa. Kalmar ta fito a tauye, amma Nasif ya ji ta sarai.

"Makaho."

Nasif ya fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu dabam, ya kifa goshinsa a hannun keken. Fadlu ya ɗora masa tafin hagu a ƙeya, duk farar ƙasa, ya bar shi a nan.

Da hutu ya ƙare makaranta ta buƙaci zaurenta. Aka kwashe gidajen zuwa shagon Fadlu da ke bayan gidansa, don ya fi faɗi kuma ƙofarsa babba ce. Shirinsu shi ne su gyara gindin gadar yadda ya kamata, Nasif yana aiki, Fadlu yana nuna masa da sanda. Yanzu Nasif ne ke zuwa kowace safiya, Hajiya Sakna tana kawo musu shayi. Aikin bai yi nisa ba, don Fadlu yana saurin gajiya, wani lokaci ma barci ke kwashe shi da sandar a hannu. Nasif sai ya ajiye guduma ya zauna har ya farka.

Da sanyi ya shigo ciwon ya sake bugun Fadlu. Wannan karon bai kai asibiti ba. An yi jana'izarsa ana yayyafin ƙanƙara. Nasif ya tsaya a bayan sahu, hularsa a ƙirji, yana motsa baki da irin tasa addu'ar. Da aka ɗauki makara ya kutsa ya sa kafaɗa, matasa suna cewa Kawu ka bari, bai saurare su ba har bakin kabari.

Duk tsawon sanyin nan bai taka shagon ba. Malama Widad ta aiko tana tambaya ko za a sake nunin baɗi, ya ce a gaya mata sai ya gani.

Sai da itatuwa suka fara toho Hajiya Sakna ta aiko a kira shi. Ya tarar da ita a ƙofar shagon, makulli a hannu, ta kasa haɗa ido da shi.

"Ban shiga ba tun ranar," ta ce. "Wallahi ban san rufin yana yoyo ba. Yau na buɗe."

Ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara sun yi wata da watanni suna ɗiga. Dutsen ya jiƙe ya zube, ragar kaji ta fito tsirara ta yi tsatsa. Katakon ya kumbura ya bankare, dogon ya tashi daga kansa. Gidajen Sofar sun narke sun zama dunƙulen takarda. Wurin yana warin ruɓa.

Nasif ya zagaya a hankali. Ya taɓa nan, ya taɓa can, farar ƙasa tana manne masa a yatsu kamar kunu.

"Ka yafe ni, Abu Rima."

"Haba Hajiya. Me kika yi? Ruwa ne."

Ya ɗaga kai ya dubi rufin. Haske yana shigowa ta wurare da dama, kuma tsagar ta bi har kan bangon da ya haɗa shagon da ɗakin kwananta.

"Wannan in aka bar shi, baɗi a kanki zai zuba," ya ce. "Ina tsani?"

"Wane tsani? Kai da shekarunka? Bari in kira yaran maƙwabta."

Bai saurare ta ba. Ya gano tsanin a bayan ƙofa, ya jawo shi waje, ya jingina da bango. Ta riƙe masa ƙafafun tsanin da hannu biyu tana faɗa, tana cewa in ya faɗo me za ta gaya wa Zahiya. Ya hau a hankali, taki ɗaya ya huta, taki ɗaya ya huta, har ya kai sama ya fara ɗaga fasassun tayil ɗin rufin yana miƙo mata.